Madubin da Ake Daidaitawa Daga Nesa: Ci Gaban Na'urorin Hangen Taurari a Sararin Samaniya

Ilimin taurari, idan aka bi shi zuwa tushe, sana'a ce ta tara haske, domin masanin taurari ba ya iya taɓa abin da yake nazari ko ya ɗebo shi zuwa ɗakin gwaji, sai dai ya dogara ga ɗan hasken da ya iso gare shi bayan tafiyar dubban shekaru, wani lokaci ma biliyoyi. Daga wannan haske ake gano nisan tauraro da zafinsa da sinadaran da ke cikinsa da saurin tafiyarsa, saboda haka ƙashin bayan kowace babbar na'urar hangen nesa shi ne babban madubinta, wato faifai mai kwari da ke karɓar hasken ya tattara shi wuri ɗaya domin kyamara ta ɗauka. Tsakanin 1990 da 2021 faɗin madubin da ake harbawa sararin samaniya ya tashi daga mita 2.4 zuwa mita 6.5, amma sauyin da ya fi wannan zurfi ya shafi yadda ake ɗaukar madubin kansa. A da abu ne da ake sassaƙawa sau ɗaya a masana'anta, ya tafi da kyawunsa ko da aibinsa, alhali a yau ya zama na'ura mai gaɓoɓi wadda ake auna siffarta, a kuma daidaita ta daga doron ƙasa tana can tana aiki.

Amfanin faɗin madubi iri biyu ne, kuma kowanne da ƙa'idarsa. Yawan hasken da madubi ke tarawa ya dogara ne ga girman fuskarsa, kamar yadda baho ya fi kwano tarbar ruwan sama a ruwa guda, ta yadda idan aka ninka faɗin madubi sau biyu, hasken da zai tara zai ninku sau huɗu, ya samu damar ganin abubuwan da suka fi dusashewa. Ɗaya amfanin shi ne kaifin gani, wato iya rarrabe abubuwa biyu da ke dab da juna maimakon a gan su a cure. Haske yana tafiya ne cikin kaɗawa mai tudu da kwari, kuma tazarar da ke tsakanin tudu ɗaya da mai bi masa ita ake kira zangon haske. Zangon hasken da idon ɗan'adam ke gani yana tsakanin nanomita 400 da 700, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Kaifin hoto yana ƙaruwa gwargwadon faɗin madubi, yana raguwa gwargwadon tsawon zangon hasken da ake dubawa, shi ya sa na'urar da ke aiki da hasken infared, wato hasken da zangonsa ya fi na jan launi tsawo har ido ba ya ganinsa, take buƙatar madubi mafi faɗi kafin ta kai kaifin takwararta mai aiki da hasken da ake gani. Ƙanƙantar zangon nan ce kuma ta sa aikin ya yi tsauri, domin duk tudu ko ramin da ke fuskar madubi, ko da ɗan kaso ne na zango ɗaya, yana kautar da haske daga inda ya kamata ya taru, don haka madubin da faɗinsa ya kai mitoci dole siffarsa ta dace da lissafi, kuskuren bai wuce 'yan gomomin nanomita ba.

Iskar da ta lulluɓe duniya ce ta tilasta ɗaukar wahalar kai irin wannan madubi sama. Ƙyaftawar da taurari ke yi da dare tana samuwa ne daga cuɗanyar iska mai ɗumi da mai sanyi, wadda ke lanƙwasa hasken yana kan hanya, ta ɓata hoto komai ingancin madubin da ke ƙasa. Bayan haka iskar tana shanye hasken eksirai da mafi yawan hasken altarabayolet, tururin ruwan da ke cikinta kuma yana tare babban kaso na infared. Masanin taurari ɗan Amurka Lyman Spitzer ya zayyana waɗannan hujjoji a wani rahoto na 1946, shekara 11 kafin a harba tauraron ɗan'adam na farko. Manyan cibiyoyin hangen taurari na Chile da Hawai sun rage matsalar ƙyaftawa ta amfani da ƙananan madubai masu sauya siffa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, amma hasken da iska ta riga ta shanye babu dabarar da za ta dawo da shi.

Na'urar Hubble, wadda hukumar NASA ta Amurka da takwararta ta Turai, ESA, suka harba a watan Afrilu na 1990, ita ce ƙololuwar tsohon salo. Madubinta dunƙule ne guda mai faɗin mita 2.4, wanda kamfanin Corning ya yi da wani gilashi da ba ya miƙewa ko tsukewa sosai idan zafi ya sauya, kuma duk da an bar cikinsa ramuka-ramuka domin rage nauyi, sai da ya kai kilo 828. Kamfanin Perkin-Elmer ya goge shi har ya zama ɗaya daga cikin madubai mafiya santsi da aka taɓa yi a zamanin. Sai dai makonni kaɗan bayan harbawa aka lura cewa hasken tauraro ba ya taruwa a ɗigo ɗaya, kowane tauraro yana fitowa da hazo kewaye da shi, kuma bincike ya nuna cewa gefen madubin ya fi yadda aka tsara shimfiɗewa da kimanin maikiromita 2.2, kwatankwacin kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin kai, abin da ya sa hasken da ya faɗa gefe da wanda ya faɗa tsakiya suke taruwa a wurare daban-daban.

Hanyar da kuskuren ya shigo ta fi girman kuskuren muhimmanci ga tarihin sana'ar. Mai goge madubi ba ya iya tantance siffarsa da ido, yana dogara ne ga wata na'urar awo da aka haɗa da gilasai da ƙananan madubai, wadda ke nuna masa inda ya rage a taɓa. Wani gilashi a cikin wannan na'ura ya kauce daga mazauninsa da milimita 1.3 tun lokacin haɗa ta, sai aka goge madubin da matuƙar ƙwarewa zuwa siffar da ba ita ake nema ba. Kwamitin binciken da Lew Allen ya jagoranta ya gano cewa wasu na'urorin awo biyu, waɗanda ba su kai babbar ƙwarewa ba, sun nuna alamar aibin, amma aka yi watsi da sakamakonsu saboda an fi amincewa da ita, kuma ba a taɓa gwada babban madubi da ƙaramin da ke mayar da haske zuwa kyamarori a haɗe ba kafin harbawa. Abin takaicin shi ne madubin ko-ta-kwana da kamfanin Kodak ya goge, wanda aka auna ta wata hanya dabam, ba shi da wannan aibi, kuma a yau yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama da ke Washington. Hubble ta tsira ne saboda aibin yana da tsari, ana iya lissafa shi daidai, kuma na'urar tana kewaya duniya a tsayin 'yan ɗaruruwan kilomitoci, inda 'yan sama jannati ke iya zuwa a lokacin. A watan Disamba na 1993 ma'aikatan kumbon Endeavour suka saka mata sabuwar kyamara da wani akwati mai suna COSTAR, dukansu ɗauke da ƙananan madubai da aka sassaƙa da kishiyar aibin, daga nan ta fara ba da hotunan da suka yi mata suna.

Wanda ke son madubin da ya fi na Hubble girma yana karo da shinge biyu, wato nauyin da roka ke iya ɗagawa da faɗin hancinta inda ake ajiye kaya. Turai ta fara tunkarar matsalar nauyi da na'urar Herschel, wadda aka harba a 2009 da madubi mai faɗin mita 3.5, wanda aka yi da silikon-kabayid, wani sinadari mai tauri da rashin nauyi daga dangin tangaran. Ɓangarori 12 aka gasa aka liƙe su suka zama faifai ɗaya, ko da yake aikin Herschel da infared mai dogon zango ne, saboda haka ba ta buƙaci santsi irin na Hubble ba. Da wannan sinadari aka yi madubai na na'urorin Gaia da Euclid daga baya. Matsalar faɗi kuwa ba ta sinadari ba ce, domin faɗin cikin hancin rokar Ariane 5 kimanin mita 4 da rabi ne, kuma duk abin da ya wuce haka sai an naɗe shi. Mafitar ta zo ne daga doron ƙasa, inda masanin kimiyya Jerry Nelson ya nuna cewa ana iya jera ƙananan madubai masu kusurwa shida, kwamfuta ta riƙa daidaita su, su yi aiki tamkar madubi ɗaya. A kan wannan tunani aka gina na'urar Keck mai faɗin mita 10 da ɓangarori 36 a kan dutsen Mauna Kea na Hawai, ta fara aikin bincike a 1993.

Na'urar James Webb, wadda NASA da ESA da hukumar sararin samaniya ta Kanada suka haɗa hannu a kanta, ita ta kai wannan dabara sama. An harba ta ranar 25 ga Disamba 2021 da rokar Ariane 5 daga Kourou, a yankin Giyana da ke ƙarƙashin Faransa a Kudancin Amurka. Babban madubinta mai faɗin mita 6.5 ya ƙunshi ɓangarori 18, kowanne faɗinsa mita 1.32, kuma an zaɓi siffa mai kusurwa shida ne domin tana ba da damar jera su kusan ba giɓi, su ba da faifai mai kama da da'ira. Fuskarsa ta kai murabba'in mita 25, kimanin ninki shida na ta Hubble. Domin ya shiga roka an naɗe ɓangarori uku-uku daga kowane gefe zuwa baya, an kuma naɗe sandunan da ke riƙe da ƙaramin madubin da ke mayar da haske zuwa kyamarori, sannan aka buɗe komai daki-daki cikin makonni biyu na farko bayan harbawa. Injiniyoyi sun ƙirga wurare 344 waɗanda gazawar ɗaya kawai daga cikinsu ta isa ta lalata aikin, kuma tun da mazaunin Webb yana da nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, kusan ninki huɗu na nisan wata, babu batun aika kowa ya yi gyara kamar yadda aka yi wa Hubble.

An ƙera Webb ne domin infared, saboda faɗaɗuwar sararin samaniya tana miƙar da zangon hasken da ya fito daga galaksi na farko-farko, wato tarin biliyoyin taurarin da suka fara samuwa, har ya iso a matsayin infared, kuma irin wannan haske yana ratsa ƙurar da ke ɓoye wuraren da ake haifar sabbin taurari. Sai dai duk abin da ke da ɗumi yana fitar da infared, don haka madubi mai ɗumi zai makantar da kansa da kansa. An kare shi da wata laima mai hawa biyar ta siririyar leda ta musamman, tsawonta kimanin mita 21, faɗinta 14, wadda ɓangarenta mai fuskantar rana ke kai wa digiri 85 a ma'aunin Salshiyos, madubin da ke inuwarta kuwa yana zaune a wajen digiri 223 ƙasa da sifiri. Wannan sanyi ne ya sa aka zaɓi beriliyam, wani ƙarfe da ya fi alminiyam rashin nauyi, ya fi baƙin ƙarfe tauri idan aka gwada su nauyi da nauyi, kuma kusan ba ya sauya siffa idan ya riga ya kai irin wannan sanyi. An haƙo ma'adininsa a jihar Utah, aka mayar da shi gari, aka matse shi ya zama dunƙule, sannan aka rarake bayan kowane dunƙule mai nauyin kusan kilo 250 har ya koma kimanin kilo 20, aiki mai buƙatar kariya ta musamman ga ma'aikata domin ƙurar beriliyam tana cutar da huhu.

Matakin da ya fi nuna gwanintar masu aikin shi ne gogewar ƙarshe. Madubin da aka goge daidai a zafin ɗaki yana murɗewa kaɗan yayin da yake sauka zuwa tsananin sanyi, saboda haka bayan gogewar farko a California ana ɗaukar kowane ɓangare zuwa cibiyar Marshall da ke Huntsville a jihar Alabama, a sanyaya shi zuwa yanayin da zai zauna a sama, a auna yadda ya murɗe, sannan a mayar da shi a goge kishiyar murɗewar a fuskarsa. Ma'ana ke nan, kowane ɓangare ya bar masana'anta da siffar da aka karkatar da gangan, wadda ba ta komawa daidai sai sanyi ya kama ta. Daga nan aka shafa wa fuskar zinariya mai kaurin nanomita 100, domin zinariya tana mayar da infared sosai, aka kuma lulluɓe ta da siririn gilashi don kariya daga karcewa. Duk da ƙyallin da ake gani a hotuna, jimillar zinariyar da ke kan madubin kimanin giram 48 ce kawai.

Abin da ya raba Webb da duk na'urorin sama da suka gabace ta yana bayan madubin ne. Kowane ɓangare yana zaune a kan ƙananan injunan turi bakwai, shida suna motsa shi gaba da baya, gefe da gefe, sama da ƙasa, su karkata shi ko su juya shi, na bakwai kuma yana tsakiya yana ƙara ko rage zurfin kwarinsa. Idan aka haɗa da shida na ƙaramin madubi, injunan sun kai 132, kuma kowanne yana iya yin takun da bai fi nanomita 10 ba a cikin sanyin da man injin yau da kullum zai daskare. A watan Fabrairu na 2022 aka juya na'urar ga wani tauraro mai lamba HD 84406, hoton farko kuma ya nuna tauraron sau 18 a warwatse, domin kowane ɓangare yana aiki ne a matsayin na'ura mai zaman kanta. Aka riƙa motsa ɓangarorin ɗaya bayan ɗaya har aka gane ɗigon kowanne, aka gyara kaifinsa, sannan aka ɗora su a kan juna. Ɗora ɗigogin bai wadatar ba, domin kafin ɓangarori 18 su ba da kaifin madubi ɗaya mai mita 6.5, dole hasken da ya taso daga kowanne ya isa kyamara a lokaci guda, tudu ya hau kan tudu, kwari ya hau kan kwari. Domin cimma haka kyamarar NIRCam tana ɗaukar hoton tauraro da aka dusashe da gangan, kwamfuta ta lissafa daga yanayin dusashewar wane ɓangare ne ya yi gaba da wanne ya yi baya, sannan a aika umarnin gyara. An kammala babban matakin wannan aiki a watan Maris na 2022, kuma tun daga lokacin ana sake auna madubin kusan kowane kwana biyu, a taɓa shi idan ya kauce. Tsinken haske shida manya da biyu ƙanana da ake gani a jikin taurari a hotunan Webb kuwa sawun gefunan ɓangarorin ne da sandunan ƙaramin madubi.

Darasin Hubble ya bayyana a yadda aka gwada Webb. An gina ƙaramin samfuri mai kashi ɗaya cikin shida na girmanta a Colorado domin gwada dabarun daidaitawa, an auna madubai ta hanyoyi masu zaman kansu don kada kuskuren na'ura ɗaya ya sake yaudarar kowa, sannan a 2017 aka shigar da madubai da kyamarori a haɗe cikin wani katafaren ɗakin sanyi marar iska a Houston, wanda aka gina tun zamanin shirin Apollo, suka kwashe kusan kwana 100. Sakamakon ya zarce abin da aka gindaya wa injiniyoyi. Hotunan farko sun fito a watan Yuli na 2022, a watan Agusta aka sanar da gano iskar kabon-dayoksaid a sararin wata duniya mai kewaya wani tauraro, WASP-39b, sannan a 2024 aka tabbatar da wata galaksi, JADES-GS-z14-0, wadda ake ganinta kamar yadda take shekara miliyan 290 kacal bayan farin samuwar sararin samaniya bisa lissafin masana. Buɗaɗɗen madubi yana da nasa haɗarin, domin a watan Mayu na 2022 wata ƙwayar tsakuwa ta bugi ɓangaren da ake kira C3 ta bar masa tabon da ba ya gyaruwa, amma injunan turi sun rage tasirinsa, aka kuma sauya jadawalin aiki domin rage fuskantar da madubin inda irin waɗannan ƙwayoyi suka fi zuwa da ƙarfi. Bai kamata nasarar ta rufe ido daga tsadarta ba: Webb ta ci kimanin dala biliyan 10, ta makara da fiye da shekara goma, har wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya nemi a soke ta a 2011, kuma kuɗin da ta haɗiye sun takura wa wasu ayyukan bincike na tsawon shekaru.

Girma ba shi kaɗai ake nema ba a yanzu. Na'urar Nancy Grace Roman, mai ɗauke da sunan matar da ta fara riƙe muƙamin shugabar sashen ilimin taurari na NASA, madubinta mita 2.4 ne daidai da na Hubble, kuma asalinsa kyauta ce daga hukumar taurarin leƙen asiri ta Amurka a 2012. Nauyinsa kilo 186 ne, ƙasa da rubu'in na Hubble, an shafe shi da azurfa, kuma tsarin madubai uku da ke cikin na'urar yana ba ta damar ɗaukar yankin sama da ya ninka na kyamarar infared ta Hubble aƙalla sau 100 a hoto ɗaya, da kaifi makamancin nata. Amma ga masu ƙera madubai, ɓangaren Roman da ya fi jan hankali shi ne koronagiraf, wato na'urar da ke toshe hasken tauraro domin a ga abin da ke gefensa, wadda Bafaranshe Bernard Lyot ya ƙirƙira a farkon shekarun 1930 domin nazarin kewayen rana. Duniyoyin da aka gano suna kewaya wasu taurari sun haura 5,000, sai dai kusan dukansu ta alama aka san da su, kamar raguwar hasken tauraro idan duniyar ta gilma ta gabansa, kaɗan ne aka ɗauki hotonsu kai tsaye. Wahalar ita ce bayan an toshe tauraron, ƙananan aibobin da suka rage a madubai suna watsa ragowar haskensa ya zama ɗige-ɗige, kowanne yana iya kama da duniya ko ya binne ta. Koronagiraf ɗin Roman yana da madubai biyu masu faɗin kimanin santimita 5, kowanne da fiye da injunan turi 2,000 a bayansa, waɗanda ke lotsa fuskarsa su ɗaga ta har ɗige-ɗigen su soke juna, a samu wani duhun fili kusa da tauraron inda duniya mai girman Jupita za ta iya bayyana. An ɗauke shi ne a matsayin gwajin fasaha, domin ainihin burin yana gaba.

Wannan buri shi ne na'urar da kwamitin masana taurari na Amurka ya ba da shawarar ginawa a rahotonsa na 2021, wadda NASA ta raɗa wa suna Habitable Worlds Observatory, mai madubi na kimanin mita 6, da za ta yi aiki da altarabayolet da hasken da ake gani da infared, ta ɗauki hoton duniyoyi kimanin 25 masu yiwuwar kama da tamu, ta kuma nemi alamun iskar oksijin da tururin ruwa da iskar mitan a sararinsu. Faɗin bai wuce na Webb ba, amma buƙatar ta fi tsanani nesa ba kusa ba, domin a hasken da ido ke gani duniya irin tamu ta gaza tauraronta haske sau biliyan 10. Kafin a ga ɗigo mai wannan rauni, dole siffar madubin ta tsaya cak yayin ɗaukar hoto, motsinta bai wuce 'yan gomomin fikomita ba, fikomita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na nanomita, abin da ke nufin motsin da bai kai faɗin ƙwayar zarra ɗaya ba. Babu gilashi ko ƙarfen da ke da wannan natsuwa da kansa, tun da girgizar ƙaramin inji a cikin kumbon ko sauyin zafi na ɗan kaso kaɗan na digiri ɗaya ya isa ya ɓata ta, saboda haka ana aiki a kan na'urorin awo da za su riƙa lura da gefunan ɓangarori da hasken leza, da kuma ɗumama madubi cikin ƙididdiga ta yadda zafinsa ba zai motsa ba. Wasu masana sun kawo wata hanya, wato a harba wani faifan inuwa mai faɗin gomomin mitoci, mai gefuna kamar fure, ya tsaya dubban kilomitoci gaban na'urar ya tare hasken tauraron tun kafin ya shiga, wanda zai sassauta wa madubi amma ya kawo wahalar tafiyar da kumbo biyu a layi ɗaya.

Zuwan manyan rokoki, irin su New Glenn mai hancin da ya kai faɗin mita 7 da Starship mai faɗin mita 9, ya sake buɗe muhawarar da aka zaci Webb ta rufe, domin madubi mai mita 6 zai iya shiga irinsu ba tare da naɗewa ba, kuma idan nauyi ya daina zama ƙarfen ƙafa, ana iya yin madubi mai kauri wanda ya fi natsuwa. Dunƙule guda ba shi da gefunan da ke watsa haske su dagula aikin koronagiraf, amma ɓangarori sun fi sauƙin ƙerawa da maye gurbi idan ɗaya ya lalace a masana'anta, kuma su ne aka riga aka gwada a sama. NASA ta bayyana niyyar tsara sabuwar na'urar ta yadda mutum-mutumi zai iya zuwa ya sauya mata kyamarori, abin da Webb ba ta samu ba. Ana hasashen harba ta a cikin shekarun 2040, kuma tsarin madubinta zai dogara ƙwarai ga rokar da ta tabbata a hannu da kuma iyakar duhun da koronagiraf ɗin Roman ya iya samarwa kusa da tauraro.